Tambayar da Ba a Amsa Ba: Jita-jitar Lafiya da Amanar Jama'a a Aikin Agaji, Daga Kano Zuwa Shikira

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda labaran ƙarya kan lafiya ke samun gindin zama a Arewacin Nijeriya da yadda suke taɓa aikin agaji. Ta auna al'amura biyu: ƙauracewa rigakafin shan-inna na 2003 zuwa 2004, da annobar gubar dalma da ta auka wa ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015. Matsayarta ita ce, jita-jita kan yi ƙarfi ne a inda jama'a suka yi tambaya mai ma'ana aka ƙi ba su amsa, don haka ƙaryata ta kawai ba ya kashe ta muddin tambayar na nan.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa bin tawagar rigakafi gida-gida ya san abin da ake tattaunawa da yamma idan an taru ana duba aikin ranar. Za a ce gidaje kaza a unguwa kaza sun ƙi. A rubuta dalili a taƙaice: addini, ko jahilci, ko maigida ba ya nan. Shawarar da za a yanke kusan kullum ɗaya ce, a ƙara wayar da kai. Washegari sai sanarwa a rediyo, sai fosta, sai a kira mai unguwa a ja masa kunne. Zagaye na gaba ya zo, gidajen nan dai su sake rufe ƙofa.

Ba ina raina wayar da kai ba ne, kuma ba na sassauta wa masu ƙirƙirar ƙarya. Ƙaryar da ta hana yaro rigakafi ta gurgunta yara, ta kashe wasu, kuma wanda ya yaɗa ta da gangan yana da alhaki a wuyansa. Abin da nake so mu duba shi ne dalilin da ya sa magidanci mai hankali, wanda ke sayar da akuyarsa ya kai ɗansa asibiti, yake yarda da maganar da aka yi a majalisa ya ƙi ta likita. Idan muka ce wauta ce, mun huta da tunani, amma aikin bai ci gaba ba. Mu a Neja muna da dalilin kula da wannan fiye da wasu. Jiharmu ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, ƙananan hukumomi 25 ne, harsuna barkatai, ga ambaliya, ga 'yan gudun hijira daga Shiroro da Munya da Rafi da Mariga. Aikin agaji ya zama abin yau da kullum a wurinmu, kuma ba ya yiwuwa sai an buɗe masa ƙofa.

Abin da ya riga jita-jitar 2003 zuwa

A 2003 ne Dokta Ibrahim Datti Ahmed, likita kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Nijeriya, ya fito ya ce ɗigon foliyo, wato rigakafin shan-inna, na ɗauke da sinadarin hana haihuwa. Gwamnatocin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin, Bauchi da Neja ma suka taɓa shiga sahu na ɗan lokaci. Kano, a ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau, ita ta fi daɗewa. Ba ta koma ba sai ƙarshen Yulin 2004. Zargin ba gaskiya ba ne. Maganin da aka ɗiga wa yaran Kano shi ake ɗiga wa yaran Masar da Indiya da Indonesiya, kuma haihuwa ba ta tsaya a can ba. Ɓarnar da ta biyo baya kuwa babba ce. Ƙwayar cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, ta kai har Yaman da Indonesiya a 2005, inda ta gurgunta ɗaruruwan yara. A gida, waɗanda shan-inna ta kama a 2006 sun haura 1,100.

Wannan kowa ya sani. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne shekaru bakwai kafin nan. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya. Ana tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana na Kano ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara. Kimanin yara 200 aka ɗauka, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka sani. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya yi ɓarnar, kuma ya ceci rayuka. Iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Akwai wani abu a nan da ya shafe mu kai tsaye: a harabar asibitin nan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke ba da magani kyauta. Uwar da ta taho da ɗa a goye yana sanƙarewa ba ta da hanyar bambance Baturen da ya zo agaji da Baturen da ya zo gwaji. Farar riga ɗaya ta gani.

Jaridar Washington Post ce ta tona zancen a Disambar 2000. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, kwamitin ya gama aiki a 2001 ya sami kamfanin da laifi, amma aka danne rahoton, bai fito ba sai a 2006, shi ma a jaridar waje. Sulhun dala miliyan 75 da Jihar Kano sai a 2009, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuɗin farko kuma bai shiga hannun iyalai ba sai a 2011. A lura da jerin shekarun nan. Lokacin da aka ce wa Bakano a 2003 ya kwantar da hankalinsa, gwamnati ta tabbatar maganin lafiya lau ne, gwamnatin nan tana zaune a kan rahoton abin da aka yi wa 'ya'yan maƙwabtansa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Akwai wasu abubuwan da suka ƙara wa wutar mai. Manufar ƙayyade yawan jama'a ta 1988, wadda ta yi zancen 'ya'ya huɗu ga kowace mace, ta bar wa mutane zargin cewa ana ƙyashin haihuwarsu. Yaƙin Iraƙi ya ɓarke a Maris 2003, ana sauraronsa dare da rana a BBC da Muryar Amurka da Jamus. Tsakanin jihohin da suka ƙaddamar da shari'a da gwamnatin Obasanjo ma ba a ga-maciji. Masu bincike irin su Maryam Yahya da Ayodele Jegede a 2007, da Elisha Renne wadda ta yi aikinta a Zariya ta fitar da littafi a 2010, duk sun nuna cewa ƙin rigakafin ya fi alaƙa da wannan tarihi da siyasa fiye da wani hukuncin addini.

Tambayar bakin zaure

Daga cikin abubuwan da waɗannan masu bincike suka ji, kuma duk ma'aikaciyar rigakafi ta ji da kunnenta, akwai tambaya ɗaya da ta fi kowace nauyi. Maigida zai tsaya a bakin zaure ya ce: ɗana ya yi zazzaɓi na kai shi asibiti, an ce in sayi kati, in sayi allura, in sayi ruwa, har safar hannu ni na saya. Ƙyanda ta shigo unguwar nan ta ɗauki yara ban ga kowa ba. To wannan ɗigon mene ne a cikinsa da kuke biyo ni har gida kyauta, wata bayan wata, har da barazanar 'yan sanda?

Wannan tambayar mai hankali ce, kuma tana da amsa ta gaskiya. Amsar ita ce duniya ta yanke shawara a 1988 cewa za ta kawar da shan-inna baki ɗaya kamar yadda ta kawar da agana, masu ba da kuɗi suka zuba dukiya a wannan cuta ɗaya, ita kuwa ƙaramar asibitin unguwa tana hannun ƙaramar hukumar da ba ta kula da ita ba. Amsa ce mai ɗaci, domin tana nuna cewa abin da ya dami masu kuɗin da abin da ya dami maigidan ba ɗaya ba ne. Shi ya sa ba a cika faɗinta ba. Yarinyar da aka ba akwatin sanyi da alli da alƙalamin shafa wa yaro shuɗi a ɗan ƙaramin yatsa, horon kwana ɗaya ko biyu aka yi mata, ba a koya mata wannan amsa ba. Sai ta ce umarni ne daga sama. Maigida ya koma majalisa da tambayarsa, a can kuwa akwai mai amsa a shirye.

Hujjar cewa mutanenmu ba ƙin magani suke ba ta bayyana a 2017. Sanƙarau nau'in C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, ya kashe sama da mutum 1,100. A wannan karon jama'a ne ke layi suna neman allura, allurar ce ta yi ƙaranci. Maganar da ta fi ɓata fahimta a lokacin ma daga sama ta fito, sa'ad da gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya danganta annobar da zunuban jama'a, har Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito ya ƙalubalance shi. Ya kamata mu riƙe wannan: labarin ƙarya ba daga talaka kaɗai yake tasowa ba.

Yadda aka dawo da ƙofa a buɗe

Kano ba ta koma rigakafi don an fi ta iya gardama ba. An tura tawagogi da suka haɗa da malamai da masana zuwa ƙasashen waje suka ga yadda ake gwajin maganin, aka kuma yarda a sayo na Indonesiya, ƙasar Musulmi, daga kamfanin Bio Farma. Ta fuskar kimiyya wannan bai sauya komai ba, amma ya nuna wa jama'a cewa an ji kokensu, ya kuma ba shugabanni hanyar sauka ba tare da kunya ba. A Oktoban 2004 Shugaba Obasanjo ya ɗiga wa 'yar gwamna Shekarau maganin a bainar jama'a a Kano. Saudiyya ta wajabta wa maniyyata daga Nijeriya karɓar ɗigon, wanda ya sa zancen makircin hana Musulmi haihuwa ya yi wuyar tsayawa.

Sannan aka fara amsa tambayar bakin zaure, ko da rabi-rabi. Daga 2006 aka haɗa ɗigon da wasu abubuwan da iyaye ke so: allurar ƙyanda, sinadarin bitamin A, maganin tsutsar ciki, wani lokaci sabulu ko gidan sauro. Daga baya aka riƙa kafa sansanin duba marasa lafiya a unguwannin da suka fi ƙi, uwa ta kawo ɗa mai zazzaɓi a ba shi magani, a ɗiga masa foliyo a nan take. A 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko, aikin ya bi ta hakimi da dagaci da mai unguwa. Waɗanda cutar ta gurgunta, irin su Aminu Ahmad Tudun Wada na Kano, suka shiga gida-gida a kan kekunansu, iyaye suka ga abin da ake gudu da idonsu.

Amma a ganina waɗanda suka fi ɗaukar nauyin su ne mata, kuma a nan Minna na da abin faɗa. A garin nan aka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya, a Oktoban 1985, marigayiya Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta farko. Matan FOMWAN, da dubban mata 'yan sa-kai da UNICEF ta ɗauka daga cikin unguwanninsu, suna shiga inda namiji baƙo ba ya shiga. Sun san wadda ta haihu jiya, suna zuwa barka, suna zuwa suna, a wurin sunan ake ɗiga wa jariri. Idan yaro ya yi zazzaɓi bayan allura, uwar ta san gidan da za ta je ta yi ƙorafi, domin mai maganar maƙwabciyarta ce, gobe ma za su haɗu a islamiyya. Wasu sun biya da rayukansu. Ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Lokacin da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji ranar 25 ga Agustan 2020, irin waɗannan matan ne suka kai mu can.

Sai dai akwai sauran gaskiya da har yau muke tauna ta a baki. Ɗigon na ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana. A wurin da yara da yawa ba su karɓa ba, ga rashin tsafta, ƙwayar kan daɗe tana yawo daga yaro zuwa yaro har ta sake yin ƙarfi ta gurgunta wanda bai da kariya. Hakan ya faru a Arewa tun 2005, amma labarin bai fito fili ba sai 2007, kuma shi ne dalilin da ya sa ake ci gaba da zagaye bayan bikin 2020. Yau uwa a unguwar Kpakungu ko Maitumbi ta Minna tana tambaya: ba kun ce an gama da ita ba? Ana iya bayyana mata wannan da Hausa ko Nufanci ko Gbagyi cikin minti biyu, a kuma nuna mata cewa maganin abin shi ne kowane yaro ya karɓa. Idan muka ɓoye don tsoron kada a juya maganar, ranar da wani ya tono ta a intanet ya karanta a saƙon murya, mu ne za mu zama maƙaryata.

Shikira

Yanzu mu dawo gida. A Mayun 2015 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta sanar da rasuwar yara 28 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙauyukan Shikira da Magiro da Kawo na ƙaramar hukumar Rafi. Gubar dalma ce, irin wadda ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum na Zamfara daga 2010.

Yadda abin ke faruwa yana da muhimmanci ga zancenmu. Dutsen da ake haƙowa don neman zinare a waɗannan wurare yana haɗe da dalma mai yawa. Ana kawo shi gida a buhu, a farfasa, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, a shanya garin a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasa, a tabarma, a kwanon abinci. Babba na shaƙa ya yi ta fama a hankali. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki, jikinsa kuma ya fi na babba tsotse gubar. Sai amai, sai ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. Alamomin sun yi kama da zazzaɓin da ya hau kai ko sanƙarau, wasu kuma su ce iska ce ta taɓa shi. Ba wanda zai kalli ƙasar tsakar gidansa ya ga guba.

A duba abin da ma'aikacin agaji ya zo da shi irin wannan ƙauye. Ya zo ya ce sana'ar da ta fitar da ku daga talauci ita ke kashe 'ya'yanku. Ya zo yana ɗibar jinin yara a kwalba, alhali ba abin da ke tayar da jita-jita a Afirka kamar baƙo mai ɗibar jini. Ya zo yana so a kankare ƙasar ɗakin matar aure. Kuma bayansa akwai gwamnatin da ke kiran haƙar haramtacciya. A Zamfara a 2010 an sami ƙauyukan da suka ɓoye mace-macen yaransu don tsoron kada a hana su haƙa. Wannan ɓoyewar lissafi ne na mutumin da ya san in an rufe rami ba mai ciyar da gidansa.

Duk da haka aikin ya yiwu a Rafi, MSF ta zauna har 2018 kafin ta miƙa wa hukumomin jiha, iyaye suna kawo yara ana auna jininsu ana ba su magani. Dalilan da nake gani guda uku ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko, ana iya nuna abin. Akwai na'urar hannu da ake ɗora wa ƙasa ta nuna yawan dalmar da ke ciki, maigida na tsaye yana kallo. A auna tsakar gidansa, a auna wani wuri, ya ga bambanci. Yaron da ya zo yana jijjiga ya sha magani ya tashi, duk ƙauye ya gani. Na biyu, an daɗe. Mutumin da ya shekara yana zuwa ƙauyenku, ya san sunan 'ya'yanku, ya zo gaisuwar rasuwa, ya wuce baƙo.

Na uku shi ne mafi girma. Ba a tsaya a kan cewa a daina haƙa ba. An zauna da mahaƙa aka nemi yadda za su ci gaba da neman abincinsu ba tare da kai guba gida ba: a fitar da niƙa da daka daga cikin gari, a riƙa fesa ruwa a wurin niƙa don ƙura ta kwanta, a yi wanka a sauya kaya kafin a shiga gida a ɗauki yaro. Tambayar da mahaƙi ke riƙe da ita, wato me zan ci, an amsa ta kafin a nemi ya ba da jinin ɗansa.

Inda aka yi sakaci ma darasi ne. Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya amfani sosai idan yaro zai koma ya zauna a gurɓatacciyar ƙasa, don haka dole a fara kankare saman ƙasar gidaje, a kwashe a binne, a zuba sabuwa. Wannan aikin gwamnati ne, kuma kuɗinsa bai fito ba sai a 2016, bayan matasan ƙungiyar Connected Development sun yi ta matsa lamba, kamar yadda suka yi a kan ƙauyen Bagega na Zamfara kafin a saki nata kuɗin a 2013. Shekara guda iyaye na zaune da sanin cewa ƙasar ɗakinsu guba ce, an gaya musu, ba a zo an kwashe ba. Da wata jita-jita ta tashi a wannan tsakani, da wa za mu ɗora wa laifi?

Zamanin saƙon murya

Waya ta sauya saurin abin. Cikin daren 7 zuwa 8 ga Agustan 2014, makonni kaɗan bayan Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zagaye ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar. Wanda ya buga maka waya da asuba ba maƙiyinka ba ne, yayarka ce ko kawunka. Shi ya sa saƙon murya na WhatsApp ya fi fosta ƙarfi: da harshenka yake zuwa, daga wanda ka yarda da shi, kuma ba ya bukatar iya karatu.

A lokacin korona mutane da yawa sun ce cutar ta masu kuɗi ce, ko hanyar cin kuɗi ce. Cutar gaskiya ce, ta kashe mutane. Amma a Oktoban 2020 jama'a suka fasa rumbuna a jihohi da dama suka tarar da kayan tallafin korona jibge, bayan an kulle su a gida da yunwa. Daga ranar, duk mai cewa ana cin kuɗi da sunan cutar ya sami abin nunawa. A ɗaya gefen, a Disambar 2021 hukumar lafiya a matakin farko ta tara allurar korona sama da miliyan ɗaya da wa'adinta ya ƙare ta lalata a Abuja a gaban 'yan jarida. Abin kunya ne a ce an kawo mana allura dab da lalacewa, amma yin abin a fili ya fi sanarwa ɗari amfani.

Masu agaji ma suna da nasu tabon. Rigakafin bogi da hukumar leƙen asirin Amurka ta shirya a Abbottabad na Pakistan a 2011, don neman Usama bin Laden, ya ba kowane mai zargi a duniyar Musulmi hujja. A Kwango, kwamitin bincike ya gano a 2021 cewa ma'aikatan yaƙi da Ebola, ciki har da na Hukumar Lafiya ta Duniya, sun yi lalata da mata da sunan ba su aiki. A Fabrairun 2025 kuma wani ɗan majalisar Amurka, Scott Perry, ya yi zargin cewa kuɗin hukumar agaji ta Amurka, USAID, na kaiwa ga Boko Haram. Jakadan Amurka a Nijeriya ya ce babu hujja, amma maganar ta riga ta cika wayoyin Arewa, a daidai lokacin da ake yanke tallafin da asibitoci da yawa suka dogara da shi.

Abin da wannan ke nema daga gare mu a Neja

Takardar da tawagar rigakafi ke cikewa tana da gurbin rubuta yawan gidajen da suka ƙi. Ina ba da shawarar a ƙara gurbin rubuta abin da maigida ya tambaya, da kalmominsa, a kuma sa wa wani jami'i takamaimai alhakin komawa da amsa kafin zagaye na gaba. Idan amsar ita ce ba mu da maganin zazzaɓi a asibitin unguwarku, a faɗa haka. Idan yaro ya sami matsala bayan allura, a je gidan a ranar, a duba shi, a ɗauki nauyin jinyarsa, a gaya wa unguwa abin da bincike ya nuna. Akwai kuma abin da ma'aikata suka sani ba a son faɗa a taro: wani lokaci ana shafa wa yaro shuɗi a yatsa ba a ɗiga masa komai ba, uwa ta huta da matsi, ma'aikaciya ta cika adadi. Matsin adadi da barazanar kamu ne ke haifar da wannan, kuma yana lalata alƙaluman da muke tsara aiki da su.

Harshe ma abin dubawa ne. Hausa na kai mu nesa a jihar nan, amma tsohuwa Bakamuka a Rafi ko Bakambara a Magama tana iya gaisawa da ciniki da Hausa ba tare da ta fahimci bayanin allurar sankarar bakin mahaifa da za a yi wa jikarta 'yar shekara tara ba. Allura ce ta 'yan mata kaɗai, don haka duk wanda ya san tarihin 2003 ya san zargin da zai biyo baya. Bayanin na bukatar bakin 'yar garin, da lokaci, tun kafin ranar allura.

A sansanonin 'yan gudun hijira irin na Kuta da Gwada, da wuraren da ambaliya ta ci kamar Mokwa, inda ruwan 29 ga Mayun 2025 ya kashe sama da mutum 150 a unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, abin da ke cin amana shi ne ɗaukar suna. Tawaga ta zo ta rubuta sunaye, ta ɗauki hoto, ta tafi. Wata ta zo ta sake. Wanda aka rubuta sunansa sau da yawa bai ga ko mudu ba, ranar da aka zo da maganin tsabtace ruwa ko rigakafin kwalara ya riga ya yanke hukunci a kan masu zuwa da mota. Kada a ɗauki suna sai an san abin da za a bayar da ranar bayarwa, a kuma karanta jerin waɗanda za su samu da dalilin zaɓensu a bainar jama'a. A yankunan da 'yan bindiga ke kai-komo, bayanan da aka karɓa don lafiya su tsaya a lafiya. Ranar da ƙauye ya ji cewa takardar ma'aikacin rigakafi ta koma hannun jami'an tsaro, an rufe wannan hanya, kuma ran ma'aikacin na cikin haɗari.

Na bar magana mafi nauyi ga jami'an gwamnati. Ƙungiyar agaji na iya kawo ɗigo da gidan sauro da madarar tamowa, amma tambayar bakin zaure a kan asibitin unguwa take: ko akwai ma'aikaci da dare, ko akwai ungozoma, ko akwai maganin zazzaɓi a kanta, ko sai an tafi kemis. Tallafin waje na raguwa tun 2025, kuma ko lokacin da yake da yawa bai taɓa ɗaukar wannan nauyi ba. Albashin ma'aikacin da kuɗin maganin suna cikin kasafin da ake gabatarwa kowace shekara a majalisar dokoki ta nan Minna, da kuma abin da ke isa ƙananan hukumomi 25 bayan an amince da shi.